Me ke girgiza maganadisun duniya a can sama, alhali an ce babu iska a wurin?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, a zahiri tambayoyi da yawa ne ka ɗaure a ɗaya. Ka ce in dai sararin samaniya fanko ne, babu iska babu ruwa, to me ke kaɗawa har ake maganar igiyoyin maganadisu masu ƙaramar mita (mita a nan ita ce yawan kaɗawa a daƙiƙa) a kewayen duniya, kuma me ya haɗa su da rashin daidaiton filasma, wai duniyarmu ce kaɗai ke da su, sannan ko mutum zai iya auna su daga nan Najeriya. Sai ka yi haƙuri don amsar tana da ɗan tsawo, fannin ne ba ya son gaggawa.

Da farko dai wurin ba fanko ba ne. Rana kullum tana feso filasma, wato gas ɗin da zafi ya raba ƙwayoyinsa zuwa elektiron da ayon masu caji, shi ake kira iskar rana, gudunta yawanci kilomita 400 ne a daƙiƙa, wani lokacin ta haura 700. A kusa da mu, in ka ɗauki ɗan wuri mai santimita ɗaya ta kowane gefe za ka samu firoton, wato ayon na haidirojin, kamar 5 a ciki. Kaɗan ne ƙwarai amma ba sifili ba ne. Maganadisun duniya yana tare wannan iska a nisan kusan kilomita 65,000 ta gefen da ke kallon rana, yankin da ya killace wa kansa ɗin nan shi ne magnetosfiya, kuma cikinta ma cike take da filasma, wani ya shigo daga iskar rana wani ya taso daga saman iskar duniya.

To abin da nake so ka riƙe kafin komai shi ne ƙwayoyin wannan filasma kusan ba sa karo da juna. A iskar da muke shaƙa kowace ƙwaya tana karo da 'yan uwanta sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa in wani sashe ya fi wani zafi ko gudu nan take komai yake gaurayewa ya daidaita. A iskar rana kuwa firoton ɗaya zai iya yin tafiya kusan nisan rana zuwa duniya, kilomita miliyan 150, bai yi wani karo na kirki ba. Kenan in aka samu tarin ƙwayoyi duk sun karkata gefe ɗaya, ko wasu suna ratsa wasu da gudu, babu karon da zai sasanta su. Igiyoyi ne suke yin wannan aikin. Makamashin da ya taru ta hanyar da ba ta daidaita ba yana fita ya zama girgizar maganadisu, ita kuma girgizar ta juyo ta watsa ƙwayoyin har abin ya lafa. Saboda haka rashin daidaito da igiya ba abu ɗaya ba ne, ɗalibai da yawa suna cakuɗa su kuma abin yana damuna don daga nan fahimtar take lalacewa. Igiya hanya ce da filasma ke iya kaɗawa, tana nan ko da an bar ta shiru. Rashin daidaito kuwa shi ne yanayin da zai sa ƙaramar kaɗawa ta riƙa girma da kanta maimakon ta mutu, saboda akwai rumbun makamashin da take ci.

Wanda ya fara nuna cewa maganadisu da filasma za su iya kaɗawa tare shi ne Hannes Alfvén na ƙasar Suwidin a 1942, daga baya aka ba shi kyautar Nobel a 1970. Bayaninsa shi ne filasma tana manne da layukan maganadisu, wato layukan da ke nuna inda maganadisun ya fuskanta a kowane wuri, in ka ja ɗaya ɗayan zai biyo, layin yana da tauri yana son miƙewa, filasma kuma tana da nauyi, to duk inda aka samu abu mai son komawa mazauninsa da nauyin da zai sa ya zarce, kaɗawa ta samu. Abu na biyu da za ka sani, kowace ƙwaya mai caji tana kewaya layin maganadisu tana kuma zamewa a tsawonsa, kuma saurin kewayawar ya dogara ne kawai da ƙarfin maganadisun da cajin ƙwayar da nauyinta. Ga firoton, kowane nanotesla ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin maganadisu, yana ba da kusan haz 0.015, haz ɗaya kuwa zagaye ko kaɗawa ɗaya ne a daƙiƙa. A inda taurarin ɗan'adam na sadarwa suke zama, kilomita 35,786 sama da ƙasa, maganadisun kamar nanotesla 100 ne, kenan firoton yana zagayawa sau ɗaya da rabi a daƙiƙa. Ayon mai nauyi ya fi jinkiri, sai ka raba da nauyinsa. Wannan ɗan lissafin ka ajiye shi za mu yi amfani da shi. Shi ya sa ma ake cewa ƙaramar mita, muna maganar daga 'yan haz kaɗan zuwa kaɗawa ɗaya a minti goma, kunne ba ya jin wannan kuma rediyo ba ta kama shi.

Inda abin ya fi daɗin nazari a wurina shi ne kube, wato yankin da ke tsakanin bangon karo da iyakar magnetosfiya. Iskar rana tana zuwa da gudun da ya wuce na igiyoyin cikinta, sai ta yi birki na dole a wani bango da ke gaban duniya, shi ne bangon karo, ta matse ta yi zafi sama da digiri miliyan. Amma zafin ba ya rabuwa daidai, ƙwayoyin suna samun ƙarin gudu a gicciyen layin maganadisu fiye da a tsawonsa, sai ya zama filasma ɗaya tana da zafi biyu, na gicciye da na tsawo, kuma na gicciyen ya fi. A iskar ɗaki wannan ba zai taɓa ɗorewa ba, a can kuwa yana zama, kuma rashin daidaito iri biyu ne suke rububin cin wannan rarar.

Na farko shi ne na kewayawar ayon, ana ce masa saikuloturon. Igiya ce da maganadisunta ke juyawa ta hannun da ayon ke juyawa, in ayon yana tafe a kan layi ya tarar da juyin igiyar ya dace da nasa juyin, sai su riƙa musayar makamashi ba yankewa. Wasu ayon suna karɓa wasu suna bayarwa, amma in zafin gicciye ya rinjaya masu bayarwa sun fi yawa, igiyar ta girma, su kuma ayon ɗin su karkata zuwa bin layi. Mitarta kullum tana ƙasa da mitar kewayawar ayon ɗin da ya haife ta. Na biyu shi ne na madubi, kuma shi dabi'arsa daban ce gaba ɗaya. A ce maganadisu ya ɗan yi rauni a wani gurbi, ƙwayoyin da gudunsu na gicciye ne suna maƙalewa a gurbin don wuraren da ke da ƙarfi a gaba da baya suna mayar da su, sai matsinsu ya ƙaru a nan ya ƙara ture layukan waje, gurbin ya ƙara rauni, ya ƙara tara ƙwayoyi, haka dai. Sharaɗinsa shi ne in ka raba zafin gicciye da na tsawo, amsar ta wuce ɗaya a tara da ɗaya bisa beta, beta kuwa matsin filasma ne a raba da matsin maganadisu. Kenan inda filasma ta fi ƙarfin maganadisu ƙaramin bambanci ma ya isa ya tayar da shi. Shi wannan ba ya tafiya a cikin filasma, a tsaye yake, filasmar ce ke ɗauke da shi ta wuce da shi ta kan kumbo, sai na'ura ta ga maganadisu yana faɗuwa yana tashi duk bayan 'yan daƙiƙu goma ko ashirin, mutum ya ɗauka kaɗawa ce ta lokaci alhali jerin gurabe ne a sarari. Alamarsa da ba ta ɓuya, duk inda maganadisu ya sauka yawan ƙwayoyi ya hau.

Abin da ya daɗe yana ba masana aiki shi ne lissafin farko ya nuna in firoton da elektiron ne kaɗai, na saikuloturon ya fi saurin girma a yawancin yanayi, amma kumbuna suna ta ganin na madubi a kube. Wani ɓangare na amsar shi ne hiliyom, iskar rana tana ɗauke da shi kamar kashi 4 cikin ɗari, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin yana shanye igiyar saikuloturon a kusa da tasa mitar ya rage mata girma, shi kuwa na madubi bai damu da shi sosai ba. Don haka inda beta ke da yawa madubi ke rinjaye, inda take kaɗan, kamar dab da iyakar magnetosfiya inda filasma ke matsewa ta fice, saikuloturon ke rinjaye. Akwai kuma kishiyarsu in zafin tsawo ne ya yi yawa, layin ya kasa riƙe ƙwayoyin da ke gudu a kansa ya fara lanƙwashewa, ana ce masa na mesar kashe gobara. Bayanan shekaru da kumbon Wind ya tara tun da aka harba shi a 1994 sun nuna iskar rana ba ta cika tsallake waɗannan iyakoki ba ta kowane gefe, wanda hujja ce mai ƙarfi cewa igiyoyin da gaske suna yin aikin da karo ya kasa.

Su waɗannan girgiza an san su a ƙasa tun kafin a san filasma. Balfour Stewart ya lura da su a takardun na'urar auna maganadisu ta tashar Kew da ke Ingila lokacin babbar guguwar maganadisu ta 1859. A 1964 aka raba su aji-aji, masu ci gaba a jere ana ce musu Pc, Pc1 daga daƙiƙa 0.2 zuwa 5, Pc3 daga 10 zuwa 45, Pc4 daga 45 zuwa 150, Pc5 daga 150 zuwa 600, marasa tsari kuma Pi, wanda aka fi sani Pi2 daga 40 zuwa 150. Amma fa rabon nan na tsawon lokaci ne kawai, ba ya gaya maka wa ya haifi igiyar, ita ce tambayar da ta fi muhimmanci.

Misali Pc3 na rana yawancinsa daga waje yake zuwa. Wasu firoton in sun bugi bangon karo sai su koma baya suna bin layi suna ratsa iskar rana mai tahowa, rukuni biyu suna ratsa juna, wannan ma rumbun makamashi ne, sai ya haifi igiyoyi masu kusan daƙiƙa 30, iskar rana ta kwaso su ta dawo da su kanmu. Valeria Troitskaya da abokan aikinta a Tarayyar Sobiyet sun gano mitar da ake gani a ƙasa tana bin ƙarfin maganadisun iskar rana, kusan milihaz 6 (milihaz kashi ɗaya ne cikin dubu na haz) ga kowane nanotesla, wato kana zaune a ƙasa kana iya ƙiyasta abin da ke can waje. Pc5 kuma da yawansa daga gefunan magnetosfiya ne, inda filasmar kube ke wucewa da gudu ta ciki kuma tana kusan tsaye, sai iyakar ta fara tanƙwarewa har ta naɗe, wannan shi ne rashin daidaiton Kelvin da Helmholtz, shi ɗin dai da ake gani wani lokacin a gefen gajimare. Kumbunan Cluster guda huɗu da Turai ta harba a 2000 sun ga naɗaɗɗun guraben nan kai tsaye, aka wallafa a 2004, kuma sai da aka yi huɗu ɗin don kumbo ɗaya ba ya iya bambance abin da ya canja a lokaci da abin da ya zo ya wuce shi.

Yadda girgizar iyaka take isowa ƙasa kuwa, kowane layin maganadisu ƙafafunsa biyu a kafe suke a ayonosfiya, wato saman iskar duniya mai ɗauke da ƙwayoyi masu caji, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, kamar tsirkiyar garaya da aka ɗaure ta kai da gindi, kowace da muryarta gwargwadon tsawonta da nauyinta. Girgizar tana kutsowa ciki har ta tarar da layin da muryarsa ta dace da tata, shi sai ya ɗauka ya yi ta kaɗawa. James Dungey ya fara kawo wannan tunani a 1954, a 1974 David Southwood a gefe ɗaya, Liu Chen da Akira Hasegawa a ɗaya gefen, suka kammala lissafinsa. Layukan da ke sauka kusa da doron arewa dogaye ne suna kaɗawa a minti-minti, na tsakiyar duniya gajeru ne sun fi sauri. Kuma tunda nauyin filasmar da ke kan layi yana rage masa sauri, ana amfani da mitar a auna yawan filasmar da ke dubban kilomitoci a sama ba tare da an je ba.

Kada ka ɗauka abin na sha'awa ne kawai. Elektiron mai ƙarfin megabolt ɗaya, wato wanda bolt miliyan ya tunkuɗa, a ɗamarar Van Allen ta waje, zoben ƙwayoyi masu ƙarfi da maganadisun duniya ya tsare a kewayenta, yana zagaye duniya cikin kusan minti 10, daidai tsawon Pc5, to in suka dace igiyar tana tura shi ciki tana ƙara masa ƙarfi, irin waɗannan ne suke huda jikin tauraron ɗan'adam su tara caji a ciki har ya yi tartsatsi. A Janairun 1994 taurarin Anik E1 da E2 na Kanada sun samu matsala a rana ɗaya bayan kwanaki na iskar rana mai gudu da yawan irin waɗannan elektiron. Tauraron sadarwa na Najeriya NigComSat-1R da aka harba a 2011 ma a tsayinsu na kilomita 35,786 aka ajiye shi. Igiyoyin saikuloturon na Pc1 kuma akasin haka suke yi, suna karkatar da elektiron masu ƙarfin su faɗo cikin iska su ɓace, don haka yawan da ake gani a ɗamarar sakamakon ja-in-ja ne tsakanin igiyoyi daban-daban.

Batun ko mu kaɗai ne, a'a, kuma misalan da suka fi fitowa fili ma ba a nan suke ba. Duniyar Jufita tana da wani wata mai suna Io mai aman wuta, yana zubar da kusan tan ɗaya na abu a kowace daƙiƙa, yawanci gas ɗin salfa da oksijin. Filasmar Jufita tana juyawa tare da ita da gudun kilomita 74 a daƙiƙa a wurin, Io kuwa 17 yake yi, to duk ƙwayar gas da ta samu caji nan take maganadisu yake fizgarta ta fara kewaya layi da gudun bambancin, kilomita 57, duka a gicciye babu komai a tsawo. Babu yanayin da ya fi wannan rashin daidaito. Ranar 7 ga Disamba 1995 kumbon Galileo ya wuce ta gefen Io, na'urar maganadisun da Margaret Kivelson ke jagoranta ta ga igiyoyi masu ƙarfi a kusan haz 0.4. Yi lissafin da kanka, maganadisun wurin kamar nanotesla 1,800 ne, sau 0.015 ya ba ka kusan 27, ka raba da 64 wanda shi ne nauyin salfa dayoksaid, ka samu 0.4 da ɗoriya. Igiyar da kanta ta faɗi sunan ayon ɗin da ya haife ta. Wani abin lura, ba shi ne ayon da ya fi yawa a wurin ba, oksijin da salfa sun fi shi nesa ba kusa ba, amma su akwai tsofaffinsu da yawa da suka riga suka daidaita suna shanye igiyar mitarsu, shi kuwa salfa dayoksaid yana saurin tarwatsewa, kusan duk wanda ke nan sabo ne, babu mai danne tasa igiyar.

A duniyar Satun kuma abin ya kai ga gano abin da ba a zata ba. A Fabrairu da Maris na 2005 kumbon Cassini ya wuce kusa da Enseladus, ƙaramin wata mai faɗin kilomita 500 lulluɓe da ƙanƙara, na'urar maganadisu ta ga layuka sun lanƙwashe kamar akwai abin da ke tare su ta kudu, ga kuma igiyoyin saikuloturon sun ƙaru a mitar ayon na ruwa, nanotesla kusan 325 ka raba da nauyi 18 ya ba ka wajen haz 0.27. Michele Dougherty, mai jagorantar na'urar maganadisun, da tawagarta suka nemi a sauko da wucewar 14 ga Yuli ƙasa sosai, aka sauko da ita zuwa kilomita 173, a nan aka tabbatar tururin ruwa ne ke fita daga tsagogin doron kudu. Wallahi duk lokacin da na koyar da wannan sai na ji daɗin fannin nan, ƙaramar girgiza a layin na'ura ce ta fara nuna hanya zuwa tekun da ke ƙarƙashin ƙanƙara. Taurari masu wutsiya ma haka, an ga irin waɗannan igiyoyi a Giacobini-Zinner a 1985 da Halley a 1986.

Auna su daga nan kuwa ana iyawa, kuma wurinmu na musamman ne don layin tsakiyar maganadisu, inda allurar kamfas take kwanciya ba ta duƙa ba, yana ratsa arewacin Najeriya. A samansa da rana akwai wutar lantarki mai ƙarfi da ke gudana gabas a tsayin kusan kilomita 105, wadda Farfesa Cyril Onwumechili ya shafe shekaru yana nazari tun daga Ibadan, kuma tana ƙara girman girgizar da ake gani a ƙasa da rana. Amma layukanmu gajeru ne ƙwarai, a cikin ayonosfiya suke, saboda haka abin da za ka gani a nan ba kaɗawar layin kanka ba ne, igiyoyin matsi ne da suka ratso a gicciye da kuma lantarkin da ya gangaro daga doron duniya. Jami'ar Kyushu ta Japan ta kafa na'urorin auna maganadisu na shirin MAGDAS a Legas da Ilori da Abuja. Wayar hannu ba za ta yi ba, don kana neman girgizar nanotesla ɗaya ko ƙasa da haka ne a cikin sama da 30,000, sai na'urar da ke ɗaukar awo duk daƙiƙa, a binne ta a ƙasa saboda canjin zafi, nesa da janareto da titi da kwanon rufi. In ɗalibi ne kai ina ba ka shawara ka fara da Pi2 da dare, yana zuwa ne kwatsam lokacin da wutsiyar magnetosfiya, wato dogon sashenta da ya ba rana baya, ta saki makamashinta, ya kaɗa 'yan lokuta ya mutu, ya fi sauƙin ganewa. Kuma kada ka yarda da tasha ɗaya, ka gwada Abuja da Ilori a minti guda, in ɗaya ce kaɗai ta gani to mota ce ta wuce ko wani ya tayar da inji.